Shi Da Ya Taɓa Ciwon Zuciya Ne Ya Ce Nawa Ba Shi Ba Ne

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya tsaya mini a rai.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Shekarun baya ciwon zuciya ya buge maigidana, ya dafe ƙirji yana ta gumi. Ko takalmi ban saka ba na fita neman mota. Muna isa asibiti aka shige da shi, aka buɗe jijiyar da ta toshe, ya tashi garau. Ni na yi jinyarsa, har gishiri na rage wa gidan gaba ɗaya saboda shi. Tun daga nan ya zama malamin ciwon zuciya, duk baƙon da ya zo sai ya sha labari.

Watan jiya da safe ina kan keken ɗinki sai muƙamuƙina ya riƙe, bayana ya ɗauki ciwo, ga tashin zuciya, ga numfashi da ƙyar. Na ce masa ina jin zuciyata ce, ya kai ni asibiti. Anti, dariya ya yi. Wai shi da ya ɗanɗana ya fi kowa sani, ciwon zuciya ƙirji yake matsewa ya sauka hannun hagu, nawa olsa ce da yawan zama. Ya miƙo mini magani, ya ɗauki makullin mota ya tafi shago.

Sai da yamma ƙanwata ta zo karɓar ɗinki, ta same ni kwance kan yadin mutane, ta garzaya da ni asibiti. An yi mini irin aikin da aka yi masa, amma likita ta ce jinkirin ya taɓa wani sashe na zuciyata, ba zai dawo daidai ba. Yanzu ko shara na yi sai na zauna hutawa.

Ina gidan ƙanwata. Kullum yana zuwa da kayan marmari, ya zauna yana kallon ƙasa, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Ya ci amanata, Anti. Ta yaya zan koma ɗakin mutumin da na ce masa zan mutu ya tafi shago?

'Yarki mai ciwo biyu

'Yata, sannu. Fushinki yana kan hanya, kada kowa ya ce miki rigima ce.

Ki sani ba ke kaɗai ba ce. A jikin mata ciwon kan zo da irin alamun da kika lissafa, wani lokaci ƙirjin bai yi tsanani ba. Sai a ce gajiya ce, a makara, kuma makarar tana cikin dalilan da suka sa bincike ke nuna mata sun fi rasa rai bayan aikin gaggawa. Maigidanki ya auna ciwonki da nasa ne, ba mugunta ba ce. Amma laifinsa ba rashin sani ba ne kaɗai. Kin roƙe shi, bai saurare ki ba. Kallon ƙasan nan kuwa kunya ce, ya san abin da ya yi.

Ki tafi da shi ganin likita na gaba, ya ji da kunnensa abin da wunin nan ya jawo miki. Ki riƙe magungunanki da kyau, ki ajiye lambar ƙanwarki da ta mai mota kusa, kada ki ƙara jiran izinin kowa in jikinki ya canza.

Kafin ki koma, ki gaya masa ƙarara: kina son ya nemi gafararki da bakinsa, ya kuma yi alkawari duk ranar da kika ce asibiti, makulli zai ɗauka, ba gardama ba. Tunda yana son bai wa baƙi labarin ciwon zuciya, daga yau naki zai riƙa bayarwa, har da wurin da ya tafi shago. Wataƙila matar wani ta tsira.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sanyaya miki rai.