Hantar Kifin Juma'a

Daren Alhamis, unguwar Sulai

Yau na fasa cikin kifin da na ware wa abokina Idi, na tarar da hantar duk ƙuraje. Na fasa na biyu, haka. Idonsu kuwa garau, wanda Baba ya koya mini a Yawuri cewa shi ne shaidar lafiyayyen kifi. Allah Ya jiƙan Baba, kifinsa bai san masana'anta ba.

Masuncin da muke lodi wajensa ya ce an daɗe da rufe masana'antar da ke gaɓarsu. An rufe ƙofa, amma gubar da ta zubar tana kwance cikin lakar teku, ba iƙama, takardar zaman da ake tambayar mu baƙi, ba kafilin da ya tsaya mata, ba mai korarta. Tsutsa ta ci laka, kifi ya ci tsutsa.

Ni na koyar da wannan a aji kafin in zama direban motar sanyi. Ni ne kuma nake kai wa Idi kifi unguwar Gubaira duk Juma'a tun da matarsa ta sami ciki, wai don yaro ya yi ƙwaƙwalwa.

Ɗazu ya kira. "Farfesa, gobe akwai romon ɗanka?"

Na ce kaza zan kawo. Ya yi dariya, wai na zama babban mutum.

Wata bakwai matarsa tana cin kifin nan. Gobe bayan masallaci dole in gaya masa.