Gwaji na Huɗu

Fatakwal, 3 ga Maris

Zuwa ga Kaka Na'Allah,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Za a yi gasar kimiyya a Inugu, ɗaliba ɗaya za a ɗauka a ajinmu. In ni ce, gidanka zan sauka.

Malama ta ba mu gwajin da za ta yi zaɓen da shi: a haɗa ruwan sinadari biyu a kwalba, a ɗora kan takarda mai alama, a ƙirga sakan nawa ruwan zai yi kafin ya gurɓace ya rufe alamar. Na samu 52, 50, 53, sai na huɗu ya ba ni 31. Ƙawata Haulatu ta ce in goge in rubuta 51, wai kowa haka yake yi. Me ka gani?

Jikarka, Mansura

Asata, Inugu, 7 ga Maris

Amaryata Mansura,

Gaisuwa mai yawa. Takardarki ta iso ta hannun direba, na karanta ta sau uku. Shekara uku ke nan ban ga fuskarki ba, Allah ya sani ina so ki zo. Amma kada ki goge. Na yi shekara ashirin ina wanke kwalabe a ɗakin gwajin makaranta, ban taɓa ganin lamba ta kauce haka kawai ba. Me kika yi tsakanin na uku da na huɗu? Ki tuna da kyau.

Angonki tsoho

Fatakwal, 16 ga Maris

Kaka, ina gaisuwa.

Na tuna. An kira Azahar, na ajiye kwalbar a bakin taga na tafi salla. Rana ta ɗumama ruwan, ɗumi kuwa yana sa haɗin ya yi sauri. Na bar 31 a wurinsa, na rubuta dalili a gefe, na sake gwajin a inuwa: 51. Malama ta ce lambobin saura sun cika kyau, nawa ne kaɗai ta tabbata an auna. Ni aka ɗauka. Asabar zan iso, sai ka nemo hularka mai kyau.

Mansura

Asata, 19 ga Maris

Amarya,

Alhamdu lillahi. Na share ɗakin marigayiya kakarki da kaina, sai da na huta sau biyu kafin na gama. Ki ce wa mai okada ya sauke ki a bakin masallaci, za ki gan ni a ƙofa, da hular. Ki taho da takardar, ina so in ga 31 ɗin nan da idona.

Allah ya kawo ki lafiya.

Na'Allah