Na Haddace Littafin, Na Kasa Karanta Wasiƙarsa

Hajiya Ladidi, don Allah ku taimake ni.

Ranar sadakar bakwai ta maigidana, wansa ya miƙo mini takarda a ninke, ya ce a ƙarƙashin matashinsa na asibiti aka same ta, ni ya rubuta wa. Na shiga ɗaki na buɗe. Na duba sama, na duba ƙasa. Nan na gane ban iya karatu ba.

Alhali shekara guda na yi a ajin Yaƙi da Jahilci na matan unguwarmu. Tun ina makarantar allo kunnena ke da saurin kamu. Malama ta karanta shafi sau biyu, na ɗauke shi a ka. In aka ce in tashi, sai in ɗora yatsa ina bi ina zubawa, ana tafa mini. Na san ba haruffan nake gani ba, amma yabon ya yi mini daɗi, na yi shiru.

Maigidan ma haka na yi masa. A kamfanin matse gyaɗa yake aiki a Bompai. Ya dawo da la'asar, rigarsa na ƙamshin ƙuli, ya jingine keke, ya ce in karanta masa littafin ajinmu. Yana cin tuwo yana gyaɗa kai. Har abokan aikinsa ya gaya wa matarsa ta fi su karatu. Shi ya sa da ciwon ƙirjinsa ya tsananta bai aiko da saƙon baki ba, ya rubuta. Gaba da baya ya cika takardar, Hajiya.

Maƙwabciyata Asabe ce ke rubuta muku wannan, ina faɗa mata. Ta ce in kawo takardarsa ta karanta mini, na ƙi. Maigidana mutum ne mai kunya, bai taɓa kiran sunana a gaban kowa ba. Wani lokaci haushin Malama nake ji, me ya hana ta ganewa? Ajin ma an tashe shi. Na fita takaba wata biyu ke nan. Maganarsa nake so in ji, ko sau ɗaya. Takardar na cikin kwalla, har yau ban karanta ba.

Mai Kewa, Gwagwarwa

Ƙanwata, Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Malama ta yi sakaci, da ta gwada ki da shafin da ba ki taɓa ji ba. Amma ke ma kin sani kika ɓoye. Ki ajiye haushin, ba zai koya miki ko harafi ɗaya ba. Yanzu babu aji, babu mai tafa miki, aikin naki ne.

Ki rufe wancan littafin, kunnenki ya riga idonki a kansa. Kullum bayan sallar asuba Asabe ta rubuta miki kalmomi biyar da hannunta ba tare da ta furta ba, ke ki haɗa su harafi-harafi. Ki karanta rubutun gwangwanin madara da na buhu. In kin kasa, ki ce kin kasa. Ki nemo wasu takardun da ya rubuta, idonki ya saba da hannunsa.

Sai dai ana iya samun wasiyya a cikin wasiƙar tasa, ita kuwa ba a barinta ta daɗe. Na ba ki wata uku. In sun cika akwai kalmar da ta gagare ki, ki kwafe ta ita kaɗai ki nuna wa Asabe, sauran ya zauna tsakaninki da shi.

Ya yi tsammanin kin iya, ki gaskata zatonsa. Allah ya buɗa miki, ya sa ki tarar da abin da zai sanyaya miki zuciya.

Hajiya Ladidi