Turken Zumurruda

Iskandariyya, 12 ga Yuni, 1987

Zuwa ga Yaya Ra'uf,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙarfin jiki? Ina gaida 'yarka Nashwa da mijinta da suke ɗawainiya da kai.

Yaya, magana ta taso a kulob ɗin jiragen ruwa. Sakatare ya kafa takarda cewa duk jirgin da bai gama tsere uku ba kafin ƙarshen Satumba, za a ba wani turken da ake ɗaure shi. Na ce masa mai jirgi Zumurruda yana kwance a Asyut, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya, Ustaz Hilmi, amma mutum sha ɗaya ke layi." Shekara ashirin da biyu jirginka na ɗaure a wurin nan. Ban iya yin shiru ba, na ce ni zan tuƙa.

Ni da na ƙare rayuwata ina koyar da nahawu! Yau Juma'a muka fita da matata Mervat, ni a sandar tuƙi, ita a igiyar filafili, zanen da iska ke turawa. Aka harba bindiga, muka zabura mu kaɗai. Rayyis Gabir mai gadin jirage ya ɗaga murya daga gaɓa, "Ina zuwa, Ustaz? Ta shiri ce wannan!" Kafin mu juyo an harba ta gaskiyar, jirage tara suka yo kanmu, kowa na ihu "Hanya! Hanya!" Mervat ta saki igiya ta rufe ido tana salati. Ko gangar farko da ake zagayawa ba mu kai ba.

Don Allah ka faɗa mini, idan jirgi biyu suka haɗu, wa ke kaucewa?

Ƙaninka,
Hilmi

Asyut, 21 ga Yuni

Zuwa ga ɗan'uwana Hilmi,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta iso. Nashwa ce ke rubuta mini saboda hannu.

Bindigar farko tana nufin saura minti goma, ta biyu saura biyar, ta uku ita ce ta tashi. Idan jirgi biyu suka haɗu, wanda iska ke buga masa daga dama shi ne mai hanya. Wanda take buga masa daga hagu shi zai kauce. A riƙa duba igiyoyi kafin fita.

Jiki da sauƙi. A gaida Mervat.

Ɗan'uwanka,
Ra'uf

Iskandariyya, 29 ga Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yafe mini shirun, kunya ce ta hana ni rubutu.

Da farko abin ya yi kyau. Mun gama tsere biyu a Yuli, duka mu ne na ƙarshe. A na biyun har alƙalai sun fara cin kifinsu kafin mu iso, amma dai an rubuta sunanmu. Mervat ta koyi jan igiya, tafin hannunta duk ya yi kanta, ta daina salati ta koma zagina.

A na ukun, iska na buga mana daga dama, muka biyo bayan jirgin Dokta Wasfi, likitan haƙorin nan mai sanƙo. Muna cim masa, Mervat ta ce, "Hilmi, ka kauce!" Na ce, "Mu ke da hanya, Yaya ya faɗa." Na yi ta ihu "Hanya!" har muka dake shi. Gaban Zumurruda ya tsage kamar tsawon hannu. Na ji ƙarar katakon har cikin haƙorana.

Aka zaunar da mu gaban kwamitin kulob, na fito da wasiƙarka na karanta musu. Shugaban ya tsaya yana kallona cikin tausayi, ya ce, "Ustaz, shi ma ai daga dama take buga masa. Kai ka zo daga baya, kuma na baya shi ke kaucewa. Ko ɗan koyo na sati ɗaya ya san wannan." Dokta Wasfi ya ce, "Ra'uf ne ya rubuto maka rabin doka? Ban yarda ba." Aka soke mana tseren. Rayyis Gabir ya yi wata guda yana gyara.

Yanzu tsere ɗaya ya rage. Mervat ta ce za ta shiga idan na ce a shiga. Kuma maganar Dokta ta tsaya mini. Na sake karanta wasiƙarka sau goma. Tun muna yara ba ka taɓa koya mini abu ba tare da ka kira ni jaki ba. Fushi kake da ni don na taɓa jirginka? Ka zage ni, Yaya, amma ka faɗa mini in fita ko in bari.

Ƙaninka,
Hilmi

Asyut, 8 ga Satumba

Baffa Hilmi,

Ina gaishe ka da girmamawa, kai da Inna Mervat. Wannan daga ni ce, Nashwa.

Baffa, ni na rubuta waccan wasiƙar, ba Baba ba. Tun watan Afrilu ciwon ya sake bugunsa, bakinsa ya rufe. Ban so ka ji ba saboda hawan jininka, na yi ta cewa sai ya ɗan samu sauƙi. Da tambayarka ta zo, na ɗauko ƙaramin littafin dokokinsa na kwafi abin da na gane. Akwai shafin da ke biye, na karanta ban fahimta ba, na tsallake shi. Ni na fasa Zumurruda.

Ina karanta masa wasiƙunka. Wajen bindigar shiri ya yi wani sauti, ban sani ba dariya ce ko kuka. Jiya na tambaye shi, "Baba, Baffa ya fita ko ya bari? Ka matsa hannuna idan ya fita." Ya matsa. Don in tabbatar, na ce, "Ka matsa idan ya bari." Ya sake matsawa.

Ka yafe mini.

'Yarka,
Nashwa

Iskandariyya, 25 ga Satumba

Nashwa 'yata,

Ina gaisuwa. Ba ki yi mini laifin komai ba.

Mun fita yau. Ba mu taɓa kowa ba, mun zagaya gangunan duka. Saura kamar taku hamsin mu kai layin gamawa iska ta ɗauke. Muka zauna muna kallon alƙalai suna kallonmu, filafili ya saki jiki, har lokacin da aka ɗiba ya cika. Sakatare ya ce mu kwance jirgin kafin ɗaya ga wata.

Muna tafe a jirgin ƙasan Laraba. Kafin mu iso, ki karanta masa wannan yadda take, ko ki ce masa mun gama. Ban san wanne ya fi ba. Ke kike ganin fuskarsa.

Baffanki,
Hilmi