Ni Na Rubuta Maka Lafiya Lau, Yaya Sahabi

Assalamu alaikum, Yaya Sahabi.

Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Nura, har yanzu ina akawun bakin ƙofa a injin shinkafar nan na Gusau, inda ka yi dakon buhuna.

Ka tuna damunar da cutar amai da gudawa ta shigo gari. Manaja ya kawo tsarin kula da lafiyar ma'aikata: bokitin wanke hannu, da takarda a hannuna in tambayi kowa ya jikinsa kafin ya shiga. Haba, Yaya! Wane magidanci ne zai tsaya gaban jama'a ya ce zawo yake yi? Kowa lafiya lau, ni kuma in kafta.

Kwana biyu kana ce mini lafiya lau. Na ga idanunka sun faɗa, na ga ka ture furarka. Amma kai ne babba, na ji nauyin sake tambaya. Rana ta uku ka hau mota zuwa Tsafe, wai za ka huta wurin Inna. Ba ka kai la'asar ba. Wallahi abin nan yana ci na har yau.

Bana cutar ta dawo. Na ce wa manaja ba zan ƙara riƙe takardar ba, in ya so ya sallame ni. Na haɗa ma'aikata biyu-biyu, kowa da abokin wasansa, wanda babu kunya tsakaninsu, su riƙa sa wa juna ido. Suna ta yi mini tsiya, wai na zama ungozoma.

Ka san Malam Bawa, dattijon nan ɗan Bungudu. Jiya taubashinsa ya tona shi a gabana cikin raha, ya ce sau biyar ya zagaya kafin azahar. Malam Bawa ya ce na ci mutuncinsa, ya zage ni tas. Duk da haka na ɗora shi a babur sai asibiti. Ana yi masa ƙarin ruwa, ya farfaɗo, amma ko gaisuwata ba ya amsawa. Ya yi ta fushinsa, Yaya. Gobe ma in an tona wani, zan ɗauke shi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe mini kunyar da na ji.

Ƙanenka,
Nura