Rasuwar Madam Keziah Reuben, Mai Fassara Mana Kalmomin Lantarki Zuwa Faransanci

Cikin alhini da karayar zuciya Ƙungiyar Masu Gyaran Kayan Lantarki da Sola ta Jega, Aliero da Maiyama, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Naziru Tamu Giwa Tazo, ta samu labarin rasuwar Madam Keziah Reuben, malamar Faransanci a Aliero, wadda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata bayan gajeruwar jinya. Ita ce ke fassara darussan sana'armu daga Turanci zuwa Faransanci saboda 'yan'uwanmu masu gyara da ke ƙetaro iyaka daga Gaya da Dosso kowace Asabar, waɗanda jarrabawar shaidar sana'a ke jira a ƙasarsu da kaka, kuma da Faransanci za a yi musu ita.

Marigayiyar tana da wata ɗabi'a da ta sha ba mu wahala. Ba ta yarda ta sa wa abu suna da Faransanci sai an ciro shi daga cikin rediyo ko inbata, na'urar juya wutar sola, an ɗora mata a tafin hannu, an gaya mata aikinsa da abin da ke biyowa in ya ƙone. Sannan ta kira ɗaya daga cikin mutanen Gaya, ta faɗi kalmar, ta ce ya tono mata abin daga cikin tarkace. In ya ɗauko wani daban, to kalmar ba ta yi ba, a sake lale. Wallahi wasunmu har sulalewa suke yi in sun hango lemarta a bakin kasuwar Jega, don sun san ranar ba su ba ciniki. Ita kuwa sai ta yi dariya, ta ce gara mu yi asarar wuni da a ce wani ya kama wayar da ba ita ba.

A haka ta kammala darussan rediyo da na wayar salula, ta soma na injin ban ruwa mai sola, irin wanda manoman albasa ke kawo mana, sai ciwo ya kwantar da ita. Wannan rashi ya yi mana zafi ƙwarai.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga maigidanta, Mista Reuben John, da 'yarsu Mabel, da abokan aikinta malamai, da ɗaukacin jama'ar majami'arsu. Allah Ya ba su haƙuri da juriya, Ya raya abin da ta bari.

Ga ɗalibanta na ƙetare kuwa, mun nemi wanda zai ƙarasa muku darasin daga nan har Birnin Kebbi, ba mu samu ba. Masu Faransancin ba su san cikin inji ba, mu da muka san cikinsa ba mu da Faransancin. Muna roƙonku da ku yi haƙuri, kada kowa ya biya kuɗin mota ya taso wannan Asabar ɗin.

Sa hannu:
Nuraddeen Labbo Alelu
Jami'in Hulɗa da Jama'a, a madadin Shugaban Ƙungiya