Injin Numfashi da 'Yan Dubiya

Birnin Kebbi, Jihar Sakkwato
Fabrairu, 1988

Zuwa ga Yaya Kulu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutanen gida. Ya jikin Baba? Ɗanmusa direba ya ce ya gan shi a zaure, tsakanin sallama da amsawa sai da ya huta. Tun da na ji haka abinci bai yi mini daɗi ba.

Yaya, zan faɗa miki wata magana, amma ki bar ta a cikinki. Injin nan da maigidana yake fama da shi tun muna amarci, wanda kika ce zai ƙone mana gida, ya tashi. Kin san aikinsa gyaran na'urorin asibiti ne. Akwai wani babban inji na Turawa mai tace iska, ya ba marar lafiya zallar iskar da ake sa wa mutane a hanci. Girmansa ya kai firiji, kuma sai da wutar lantarki. Da ya mutu aka jefar bayan ɗakin gyara, sai maigida ya roƙa aka bar masa. Ya kwashe wasu 'yan ƙwayoyi kamar gero da ke cikinsa, su ne ke tace iskar, ya haɗa nasa ƙarami. Bai wuce akwatin lefe ba, kuma batirin mota ke tashinsa. Na sa bututun a hancina, sai na ji kamar ina bakin gulbi bayan an ɗauke ruwa.

Na ce gobe sai Argungu, mu kai wa Baba. Ya ce a'a, tukuna. Wai ya aika takardu wani ofishi a Legas inda ake ba mai ƙirƙira takardar mallaka, don kada wani ya kwaikwayi abinsa. Wai sai sun karɓa sun buga hatimi kafin a fito da injin. To sun dawo da takardun, Yaya. Mai binciken takardu na ofishin ya ce zanen da biro aka yi, shi baƙar tawada yake so. Mutum ya haɗa injin numfashi, ana yi masa maganar tawada!

A littattafan da nake karantawa, idan saurayi ya yi abin bajinta, shafi na gaba sai ka ga ana kiransa an ba shi kujera. Ni har na zaɓi atamfar da zan sa ranar da za a kira mu. Ga injin nan a ƙarƙashin gado, na lulluɓe shi da zanen gadon aurena.

Ki gaida Baba, ki ce masa sauƙi na tafe.

Ƙanwarki,
Sakinatu.

*

Argungu
Fabrairu, 1988

Sakinatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ki. Jikin Baba dai ga shi nan.

Na karanta takardarki, na ga atamfa, na ga zanen gado. Abin da ban gani ba shi ne ranar da za ku zo. Munka kai shi asibiti, anka sa mai iskar tukunyar ƙarfe, ya samu sauƙi har ya nemi fura. Likita ya ce hayaƙin bandar kifi na shekara da shekaru ne ya ci huhun, ba ya gyaruwa, sai dai a taimaka mai da iska. Ana cire mai bututun ya ce a mai da shi gida, shi ba ya kwana inda ake kaɗa ƙararrawa a kori masu dubiya. Kin san halin tsohonki. Tukunyar kuwa ba a ba mutum ya tafi da ita gida.

Yanzu ko alwala a zaune yake yi. Ke kuma kina can kin lulluɓe mai numfashi ƙarƙashin gado kamar amarya. Ajiye littattafan nan ki buɗe baki ki yi wa mijin naki Kalilu magana. Mutumin Legas ɗin nan ya san Baba? Ya taɓa cin kifinsa?

Ki gaida shi dai, ba don halinsa ba.

Yayarki,
Kulu.

*

Birnin Kebbi
Maris, 1988

Yaya Kulu,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan ɗawainiya.

Kada ki ce ban yi magana ba. Na yi har muryata ta dishe. Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, ya fita aiki bai sha koko ba.

Ya sake zanen da baƙar tawada ya aika, sun sake dawowa da shi. Wannan karon mai binciken cewa ya yi bayanin bai fito ba: mene ne sabo a cikin naka wanda babu a na Turawa? Maigida ya zauna ya nuna mini. Bututu biyu ne masu ƙwayoyin nan, ɗaya na tacewa ɗaya na hutawa, sai a juya. Na Turawa da wani abu mai tsada yake juyawa, shi kuwa da ɗan injin goge gilashin mota ya yi nasa. Wannan dabarar ita ce tasa. Na ce to ka rubuta musu haka mana. Ya ce ya rubuta, amma su da irin Turancinsu suke so, jimla guda mai tsawon hanyar Augie.

Ga abin da ya ɗaure shi. A dokarsu, idan jama'a suka ga cikin abu suka gane yadda yake aiki kafin a karɓi takardunsa, ya tashi daga sabo, ko da kai ka ƙirƙira. Shi ke nan ba takardar mallaka, kowa na iya yin irinsa. Na ce Baba ai ba jama'a ba ne. Ya ce, “Baba ba jama'a ba ne, amma zauren Baba fa? Kasuwar Argungu ba ta fi shi cika ba.” Gaskiya ce kuwa.

Ban ga laifinsa duka ba, Yaya. Na ga yadda hannunsa ya ƙone wajen haɗa abin nan. Abokan aikinsa suna kiransa Bature don tsiya, takardar nan yake so ya nuna musu. Ni ma ina son ta, ba zan ɓoye miki ba. Amma sai in tuna Baba yana alwala a zaune, in ji kamar in ɗauki akwatin a ka in kama hanya.

Jiya dai ya sauko. Ya ce za a kai injin, da sharaɗi guda: a mai da Baba ɗakin ciki, a hana 'yan dubiya shiga har Legas ta amsa. Don Allah ki lallashe shi. Ke yake jin maganarki.

Taki,
Sakinatu.

*

Argungu
Maris, 1988

Sakinatu,

Bayan gaisuwa. Na faɗa mai. Da kin ga kallon da ya yi min. Sai da ya tara numfashi sannan ya ce, “In rufe ƙofa ga Dikko? Wanda munka shiga jirgin kamun kifi guda tun ba mu da gemu? Mutanen Gulma su taso da ƙafa, a ce musu Arzika na ciki ba ya ganin kowa? To ku haƙa min rami ku huta. Wanda anka hana ma dubiya ai an riga an binne shi.” Daga nan tari ya sarƙe shi, na yi da-na-sanin buɗe baki.

Amma na yi tunani. Ɗakin hatsi bango guda ne da zaure. A sa injin ciki a kulle, a huda bango a zuro bututun. Masu dubiya bututu kawai za su gani, shi kuwa ba wanda bai san shi a asibiti ba. In mijinki ya yarda, ku taho da motar Ɗanmusa. In bai yarda ba, ki taho ke ɗaya ki ga ubanki da sauran magana a bakinsa. Ban san yadda zan faɗa miki fiye da haka ba.

Kulu.

*

Argungu
Afrilu, 1988

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka koma lafiya, aiki kuma da sauƙi. Da na so in buɗe wasiƙar nan da kalamai masu daɗi irin waɗanda kake yi mini dariya a kansu, amma na nema na rasa.

Bayan ka girka injin a ɗakin hatsi ka tafi, komai ya yi kyau. Baba ya yi sallah a tsaye. Ya ci tuwon shinkafa, ya yi wa Yaya Kulu faɗan gishiri. Na riƙe mabuɗin a bakin zanena kamar yadda ka ce, ina canza batir, ina kai ɗayan caji. Masu dubiya suna jin gurnani ta bango, Baba Dikko ya tambaya ko kura muka ɗaure a ciki. Na ce magani ne, ba a gani. Ya ce shi bai taɓa jin maganin da ke minshari ba.

Ranar Laraba bayan azahar zafi ya yi tsanani. Zaure cike, har da baƙi daga Gulma. Ina cikin gida sai na ji gurnanin ya canza, ya yi kamar mai shaƙewa, ya yi shiru. Na buɗe ɗakin hatsi, zafi ya buge ni kamar bakin tanda. Akwatin ba ya taɓuwa, ƙaiƙayin shinkafa ya toshe ragar da yake shan iska ta cikinta. Mu duka mun manta abin da kai da kanka ka sha faɗa mini, cewa injin nan shi ma numfashi yake yi. Mun kulle shi a ɗakin da ba taga.

Na leƙa zaure. Baba ya jingina da bango, leɓensa ya yi baƙi, yana jan bututun da babu komai a ciki. Na tuna Legas, wallahi na tuna. Na tuna hannunka da ya ƙone. Sannan na ja mayafi na ce, “Baba Dikko, ku kama mini.” Shi da Abdussamadu mai gyaran babur suka fito da akwatin tsakiyar zaure inda iska ke ratsawa. Na cire murfin don ya huce, na kakkaɓe ragar, mutane suna yi masa fifita da hulunansu. Na juya makunnin bai tashi ba. Na sake. A na uku ya yi tari ya kama.

A hankali launin Baba ya dawo. Na ɗauko murfin zan rufe, sai ya ɗaga hannu. Ya ce, “Bar shi buɗe. Ku matso ku gani. Surukina yay yi shi da hannunai, nan Birnin Kebbi, ba Ingila ba.” Na ce, “Baba, an hana.” Ya ce, “Wa ya hana? A zaurena?”

Suka matso kuwa. Abdussamadu ya tsuguna, ya daɗe yana kallo, sai ya tuntsire da dariya ya ce, “Kai! Wanga ai injin goge gilashi na!” Ya zana bututun biyu a ƙasa da yatsa, yana yi wa mutanen Gulma bayani, kuma daidai ya faɗa. Ya ce gwaggonsa a Augie irin ciwon Baba gare ta, in za ka sayar masa da ƙwayoyin zai gwada haɗawa. Tun daga ranar duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya sa an buɗe masa. Ranar Juma'a aka ɗora akwatin a baro, Baba ya tafi masallaci da bututunsa a hanci, yara na bin su. Babu wanda bai gani ba a Argungu.

Na san abin da wannan yake nufi ga takardarka. Raina a ɓace yake, na rasa da wa zan yi fushi: da mai binciken da ya riƙe mu kan tawada, da Baba da bakinsa, ko da ni da na yarda da ɗakin hatsi. Na ɗauki littafi in karanta in huce, na ga duk jarumansu ba wanda aka taɓa dawo wa da zane, sai na ajiye. Ba zan ce maka da za a sake ba zan fito da shi ba, don zan fito da shi.

Ragar ta fara yagewa. Ka yi mini magana ko ta faɗa ce, shirun ne ba na so.

Matarka,
Sakinatu.

*

Birnin Kebbi
Afrilu, 1988

Sakinatu,

Wa alaikis salam. Na kwana biyu ban iya amsa miki ba, ba zan ce ban ji zafi ba.

Legas sun rubuto. Yanzu bayanin ya yi musu, saura tambaya guda kafin su karɓa: ko an taɓa nuna wa jama'a cikin injin. Na amsa musu jiya. Na ce an nuna, a zauren Malam Arzika da ke Argungu, kuma yana aiki.

Ga sabuwar raga wajen Ɗanmusa. Ki riƙa kakkaɓe ta safe da yamma, kada a ajiye akwatin a rana. Ki ce wa Abdussamadu ƙwayoyin ba na sayarwa ba ne, akwai ragowar da za ta isa inji guda. Ya jira ni ranar Asabar mu haɗa na gwaggonsa tare, kada ya kashe tsohuwa da gaggawa.

Ki gaida Baba da Yaya Kulu. Atamfar nan da kika ajiye don ranar da za a kira mu, ki sa ta ranar Asabar ɗin.

Mijinki,
Kalilu.